Ni Aka Ba Gadin Keziah

Wata daga cikinku ta turo mini saƙo, wai ba ta yarda tsohuwa ce ke rubuta labarin nan ba, don a saninta tsofaffi ba sa irin wannan ɓarna. 'Yar nan, ki dai roƙi Allah ya tsufar da ke. Gwiwa ce kawai take gajiya, sauran duk suna nan yadda kika san su.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu: sunana Lorene, shekaruna saba'in da biyu, mijina Harlan ya daɗe da rasuwa, ina zaune a ɗakin baya na gidan 'yata. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da tarihi a sakandaren gwamnati ta garinmu, nan gabashin Texas, har ta kai mai gyara mini mota da mai auna mini jini duk sun taɓa shan jan biro a hannuna. Sai Allah ya ba ni 'ya guda, Tabitha, wadda ta girma ta gano cewa makaranta ce take lalata yara. Ban ce komai ba. Wato na ce, ba a dai ji ba.

Saboda haka jikokina biyar a teburin cin abinci suke karatu. Tabitha ce shugabar makaranta, ita ce malama, ita ce mai jarrabawa, ita ce mai dafa abincin rana. In ka ji ta tana magana ita kaɗai a kicin, to taron iyaye da malamai ake yi. Babbarsu, Keziah, mai shekara goma sha bakwai, ita take zuwa ta ɗaya a ajinsu tun tana 'yar mitsitsiya. Ita ce kuma ta ƙarshe, amma ba a faɗin wannan a gidan.

Kada ku ɗauka raina aikin 'yata nake yi. Yarinyar ta fi yawancin waɗanda na yaye karatu, kuma ta iya karɓar haihuwar akuya da hannu ɗaya. Abin da take so a duniya shi ne ta karanta likitancin dabbobi. Sai jami'ar da ta nema ta amsa, cikin irin ladabin nan nasu, cewa makin yarinya ya yi kyau ƙwarai, amma za su so su ga ko guda ɗaya daga hannun wanda bai yi naƙudarta ba.

Hanyar da kowa ke bi a nan ita ce a sa yaro kwas a kwalejin gari tun bai gama sakandare ba. Kwas ɗaya, lada biyu: ana lissafa shi a sakandare, ana lissafa shi a jami'a. Sai dai abin da aka rubuta a can ba ya goguwa. Makin teburin cin abinci in bai yi kyau ba, sai a sha shayi a sake jarrabawar. Na kwaleji kuwa bin mutum yake duk inda ya nemi gurbi. Akwai kuma ranar da in ta wuce, duk wanda ya daina zuwa aji faɗuwa za a rubuta masa, ba ruwansu da dalili. Ku riƙe wannan.

Ranar rajista tare muka je. Tabitha ta sa rigarta ta zuwa coci, mai ɗigon fari, ta tsaya a gaban matar ofis kamar shugaba ta zo gaida shugaba.

"Ina so a riƙa turo mini rahotonta duk Juma'a."

Matar ta ɗago tana tauna cingam. "Ke ce ɗalibar?"

"Ni ce uwarta. Ni ce kuma shugabar makarantarsu."

"To sannu da aiki biyu. Amma a nan abin ɗalibi nasa ne, haka doka ta ce. Sai in ita ta so a gaya miki."

"Shekarunta sha bakwai fa!"

"Ko sha biyu ne, 'yar'uwa. Muddin ta zauna a kujerarmu, ɗalibar kwaleji ce."

A mota muna wuce gidan mai sai Tabitha ta yi magana da wata murya mai zaƙi da na san ta da ita tun tana son a saya mata keke.

"Mama, na ji an ce tsofaffi suna iya zama a aji kyauta, su saurara kawai."

Haka aka yi ni, mai digiri biyu, na koma mai gadi. Sharaɗin a fili yake: duk Talata da Alhamis in zauna kusa da Keziah a ajin kimiyyar sinadarai. Duk gidanmu muna cikin wata manhaja da take nuna wa Tabitha kowa a taswira, ɗigo-ɗigo kamar kiyashi. Ranar da ɗigona ya rabu da na Keziah, kwas ya ƙare.

Satin farko na yi aikina tsakani da Allah. Keziah da dogon siket ɗinta na jins da kitso guda har ƙugu, ni da rigata ta sanyi mai ruwan toka, muka zauna a layin gaba. Na duba mugayen da aka turo ni in tsare ta daga gare su. Uwar 'ya'ya uku mai aikin dare a asibiti, tana gyangyaɗi. Tsohon soja mai zane a dantse, wanda yake buɗe wa kowa ƙofa. Samari biyu da ba su san akwai mace a duniya ba in ba a cikin waya take ba.

Abin da ya tsorata ni daban ne. Malamin ya yi tambaya, na ga Keziah ta san amsar, har leɓenta na motsi. Maimakon ta ɗaga hannu sai ta juyo ta dube ni.

"Kaka, in faɗa?"

Wannan ya tsaya mini a rai. A cocinmu kowa ya yarda yarinya kamar madara take, ka kau da ido ta lalace. Ni kuwa yara sun bi ta hannuna ba adadi, kuma ban ga waɗanda aka fi sa wa ido sun fi kowa kirki ba. Sun dai fi kowa iya ɓoyo, ko kuma su tashi ba su iya buɗe baki sai an ce su buɗe.

Talata ta gaba, a bakin ƙofar aji, na zura wayata cikin jakarta.

"Kaka, me kike yi?"

"Ina zaune kusa da ke. Ba kya gani a taswira?"

Na juya na yi tafiyata kantin shan gahawa na kwaleji, na sayi gahawa mai ɗanɗanon kwali, na buɗe littafina. To a nan ne fa.

"Da kowa a kujerar nan?"

Na ɗago. Dogon tsoho, hula mai faɗi a hannu, riga ta sha guga har tana iya yanka mutum, na'urar ji maƙale a kunne.

"Akwai ni, kuma ba na son surutu."

"Madalla. Ni ma ba sauraro na zo yi ba."

Virgil Hruska ke nan, mai kiwon ƙudan zuma a bayan gari, matarsa ta rasu. Shi ma zaman kyauta yake yi a ajin tarihi, sai dai malamar ta roƙe shi ya riƙa tara tambayoyinsa zuwa ƙarshen zango, shi ne ya yi fushi ya dawo kanti. Kafin gahawata ta huce mun yi musu a kan yaƙi biyu da yarjejeniya ɗaya. Duk na kayar da shi. Na kuma lura in ya ga zai sha kaye sai ya kai hannu kunne ya kashe na'urar, ya ci gaba da murmushi yana gyaɗa kai.

Alhamis ya zo da kwali cike da kolache, gurasar nan mai laushi ta mutanensu da ake zuba wa 'ya'yan itace a tsakiya. Ya ce shi ya gasa. Ƙarya yake, na san shagon, amma na cinye biyu.

Daga nan ku da kanku kun san yadda abin yake tafiya. Na tono jan bakin da rabona da shi tun jana'izar Harlan. Na ajiye rigar sanyi mai ruwan toka na sayi shuɗiya mai maɓallan lu'ulu'un ƙarya. Kuma, Allah na tuba, a kantin magani na ga wata rigar waya ruwan hoda mai ƙyalƙyali, irin ta 'yan mata, na saya na sa wa wayata. A gida cikin aljihu nake ɓoye ta. Sunansa kuwa a wayar harafin V kawai na sa, da hoton ƙudan zuma.

"Kaka, wannan jan bakin na ajin kimiyya ne?" in ji Keziah a mota.

"Ki kula da littafinki."

"Ai ina kula. Ke ce dai ban ga kin buɗe naki ba."

Saƙonninsa duk da manyan baƙaƙe yake rubutawa, kamar mai kiran shanu daga nesa. INA KWANA. ƘUDAJENA SUN GAISHE KI. Ko kuma: NA DUBA LITTAFI. KE CE DA GASKIYA. KADA KI SABA.

Ana cikin haka aka ba su sakamakon jarrabawar farko. Keziah ta shigo mota ta kifa kai a gwiwa tana kuka kamar an yi mutuwa. B ta samu. A rayuwarta ba ta taɓa ganin wannan harafi kusa da sunanta ba.

"Me zan gaya wa Momi?"

"Ba kin ji matar ofis ba? Naki ne."

Na zaci za ta roƙe ni in je in ga malamin, don har na fara shirya kalamai. Ba ta roƙa ba. Da ƙafarta ta je ofishinsa, ta fito da jan kunne da takardu, ta kuma haɗa kai da uwar 'ya'ya ukun nan suna bita tare. Ta leƙen taga na ga hannunta a sama, ba ta dubi kowa ba.

Sai ranar Alhamis da ta wuce. Virgil ya miƙo hannu zai ɗauki sukari, ya ɓata hanya, ya sauka a kan nawa, kuma bai nemi hanyar komawa ba. Na tuƙo mu gida ban san ta inda muka bi ba. Wayata kuwa na manta da ita sarai a jakar Keziah.

Tabitha tana da al'adar duba jakunkunan yara kafin abincin yamma, wai tana neman ɓawon ayaba.

Mun zauna, wake da gurasar masara da shayi mai ƙanƙara. Mijinta Garrett, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ƙato marar magana, ya yi addu'a. Ana cewa amin, Tabitha ta ce ƙananan su ɗauki farantansu su tafi baranda. Sannan ta zaro wani abu daga aljihun rigar girkinta ta ajiye kusa da gishiri. Ruwan hoda, yana ƙyalli.

"Keziah Ruth. Wannan a jakarki na same ta."

Ta danna, fuskar wayar ta kawo haske, ta karanta da muryar da take karanta wa yara labarin halakar birane:

"HANNUNKI YA FI KAKIN ZUMA LAUSHI. TALATA A TEBURINMU. KADA MUTANEN GIDA SU SANI TUKUNA."

Keziah ta dubi wayar, ta dubi wakenta. Ba ta dube ni ba ko sau ɗaya. Na san lissafin da take yi, don shi nake yi: in ta ce wayar ta Kaka ce, an gane ba na zama a aji, sharaɗi ya karye. In ta yi shiru, ita ce mai saurayin ɓoye. Ta ko'ina kwas ya tafi.

"Daga yau babu kwaleji," in ji Tabitha.

"Momi, ranar janyewa ta wuce. Faɗuwa za su rubuta mini. Jami'a za ta gani."

"Gara ki faɗi a takarda." Ta juyo kaina, idonta ya ciko. "Ke kuma Mama, kina zaune kusa da ita aka yi wannan? Har da riƙe hannu?"

Na buɗe baki. Ban san abin da zai fito ba, kuma ban samu na sani ba, don a daidai nan wayar ta ɗauki ruri. Harafin V da ƙudan zumansa suka bayyana. Bawan Allah ya ji shiru tun rana, ya kasa haƙuri.

A gidan nan akwai doka, kamar yadda take a yawancin gidajen cocinmu: ba namijin da zai yi zance da 'ya sai ya fara zama da uba, an tambaye shi aikinsa da imaninsa da niyyarsa, sannan in an yarda ma sai da ɗan rakiya a tsakani. Garrett tun ranar da aka haifi Keziah yake jiran wannan rana. Ya goge baki, ya amsa, ya buɗe muryar wayar kowa ya ji.

"Da mai gidan kake magana."

"Au. To barka da yamma, yallaɓai. Ashe asiri ya tonu."

Garrett ya ji muryar a dishe, ya haɗe gira. "Kana shan taba ne, yaro?"

"Na daina tun kafin a haifi 'yata."

"Kana da 'ya?"

"Da jikoki huɗu, yallaɓai."

Tabitha ta dafe ƙirji. Garrett ya miƙe, kujera ta kife a bayansa.

"Shekarunka nawa?"

"Me ka ce? Ɗaga murya."

"Na ce shekarunka nawa!"

"Saba'in da shida a watan gobe, in da rai."

"Tabitha, kira 'yan sanda."

"Zauna, Garrett," na ce. "Miƙo mini wayata."

Na karɓi abata na kife ta a kan tebur, ƙyalƙyalin yana sama, na ɗebi wake na kai baki don in samu abin yi.

Tabitha ba wawuya ba ce, ni na haife ta. Na ga lissafin yana tafiya a fuskarta.

"Wayarki. A jakarta." Ta ɗago ta dube ni. "Tun yaushe ba kya shiga aji?"

"Tun sati na biyu."

"To wa yake tare da ita?"

"Malaminta, da sauran 'yan aji. Akwai wani soja mai buɗe mata ƙofa."

"Mama, na amince da ke!"

"Da ita kika amince wa, da duk ba mu zo nan ba."

"Kin karya sharaɗi. Kin san abin da na ce."

"Na sani. Ni na karya, ita za a kayar. A makarantar da na koyar ba ma yin haka, amma ai an ce tamu ce mai lalata yara."

Ban kyauta ba da wannan, na sani, don na ga inda ya same ta. Sai Keziah ta ajiye cokali.

"Momi, B na samu a jarrabawar farko."

Ku yarda da ni, saƙon kakin zuma bai girgiza Tabitha kamar wannan ba.

"B? Ke ba ki taɓa samun B ba."

"A wurinki." Ta faɗa a hankali, ba da rashin kunya ba. "Na je na ga malamin ni kaɗai. Ya nuna mini inda nake kuskure, na gyara. Jarrabawa ta biyu ranar Talata ce, kuma zan rubuta. In ba a ba ni mota ba zan hau keken Baba. Ba ɓoye miki zan yi ba, za ki ga ɗigona a hanya."

Garrett ya ɗaga kujerarsa ya zauna a hankali, kamar mai tsoron ta fashe.

Tabitha ta daɗe tana kallon 'yarta. Hawaye ya gangaro, ta share da bayan hannu. "Tun kina koyon riƙe fensir nake tare da ke. Wani ya zo jiya-jiya ya ce B."

"Rabin ajin faɗuwa suka yi," na ce. "Kuma ba a teburinki suka yi karatu ba."

Tabitha ta ja numfashi, ta gyara zama, sai na ga uwa ta koma ciki, shugabar makaranta ta fito. Sai dai ba Keziah take kallo ba.

"Ya riƙe miki hannu."

"Sukari yake nema."

"A kanti. A gaban jama'a. Da jan baki." Ta nuna wayar da yatsa. "Wa ya san shi? Wace coci yake zuwa? Dokar gidan nan ta duk macen da ba ta da aure ce a ƙarƙashin rufin nan, ban taɓa sa mata shekaru ba."

"Haba, Tabitha," in ji Garrett. "Mis Lorene ce fa. Ita ta koya mini tarihi. Sau biyu ta kayar da ni."

"Ranar Asabar zai zo ya zauna da kai. Talata kuwa ni zan tuƙa, kuma ni zan zauna a wannan teburin nasu, a tsakiya."

Garrett ya sosa ƙeya. "To in kina kanti, wa zai zauna da Keziah a aji?"

Tabitha ta dube shi kamar ya tambayi abin da kowa ya sani.

"Keziah ai tana da hankali."

Wata ƙafa ta taɓa tawa a ƙarƙashin tebur. Jikata ta sunkuyar da kai tana cusa gurasar masara a baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa na yi fuskar wadda aka yanke wa hukunci, don kada a gane an yi mini daidai.

Sai wayar da ke kife ta yi gyaran murya. Ashe ba wanda ya kashe ta.

"Ina nan fa, jama'a. Na ƙara wa na'urar ƙarfi, duk na ji. Asabar ta yi mini, yallaɓai, zan sa taye. Sai dai a ƙara kujera ɗaya, don da 'yata zan zo. Ta ga saƙonnin Lorene a wayata, ta ce ba ta yarda da matar nan ba sai ta yi mata tambayoyi."